Sauran Maganar Dada

Asabar, 6 ga Mayu, da la'asar

Mun dawo da Dada gida. Bari in fara da wannan tunda shi ne babba. Mahaifiyata tana ɗakinta, a kan gadonta, tana numfashi, ɗazu ma ta sha kunu rabin kofi. An gode Allah.

Abin da ya faru ranar Talata ba zan rubuta shi ba. Likitoci sun ba shi suna, su riƙe abinsu. Hannun dama da ƙafar dama ne suka yi nauyi, kuma an ce da motsa jiki za su saki. Tana ji, tana ganewa, tana bin mutum da ido. Magana ce kawai ba ta fito ba tukuna. Na ce tukuna.

Duk wanda ya san Dada a kasuwar Asigame ya san nauyin wannan. Matar da ta tsufa tana sayar da mai da hoda da turare, ba a taɓa yin wadda ta bar rumfarta ba tare da ta ji gaskiya game da fuskarta ba. Ni Enyonam, 'yarta, malamar Faransanci, a ƙarƙashin wannan bakin na girma.

A bencin asibiti na cinye littafi na biyu na labarin masu kiwon gajimare. Marubucin ya iya gina gari, bai iya gina mutum ba. Ga taswira a farko, ga sunayen duwatsu kamar ya zuba haruffa a ƙwarya ya girgiza, amma yariman da ya ɗora a kan labarin ko wayon kaza ba shi da shi. Yarinyar nan makiyayiyar gajimare ce ta riƙe littafin, ita kuma sai ya riƙa ajiye ta a gefe. Duk da haka na gode masa. Ya riƙe mini kaina a lokacin da ba ni da wurin ajiye shi.

Litinin, 8 ga Mayu, da hantsi

Na yi mata wanka na shafe ta da man kaɗanya, irin wanda wata mata ke kawo mata daga arewa a cikin ƙwarya. Ni a wurina duk kwalaben nan masu rubutun zinariya da ake kawowa ta jirgin ruwa, man kaɗanya ne aka yi wa baftisma da turare aka sa masa kayan coci. Fatar Dada har yau kamar ta budurwa.

Madam Ahoefa, wadda asibiti ta haɗa mu da ita don koya wa Dada magana, ta zo. Mace ce mai sanyin murya. Ta ce mu riƙa yi mata hirar abubuwan da take so, mu sa mata waƙoƙin da take so, kada a ɓata mata rai. Yayana Fo Elom ya karɓe wannan kamar daga sama aka saukar. Ya tara mu a tsakar gida, ni da matarsa da masu haya, ya ce daga yau duk wanda ya ɗaga murya ko ya yi wa Dada musu, shi da shi ne.

Na amince. Wa zai yi musu da marar lafiya?

Laraba, 10 ga Mayu, da azahar

Ta ci ablo, wainar masarar nan da ake turarawa, da miyar kifi. An gode Allah. Ba ta ce komai ba.

Juma'a, 12 ga Mayu, da yamma

Mawaƙan cocinmu sun zo, matan kasuwa ma sun zo. Kowa da sallama ƙasa-ƙasa, kowa da tafiya a kan yatsu. Suka kewaye gadon suna gaya mata ta yi kyau, ta yi haske, Allah yana tare da ita. Ita kuma ta kafa wa silin ido. Sai da na fita na tsaya a bayan ɗaki, domin gidan ya fara yi mini kama da gidan makoki, alhali mai gidan tana nan da ranta.

Da suka watse na sa mata wani fim mai sanyi, na wata malamar asibiti mai haƙuri da kowa ke cuta tana yafewa. Kafin a kai rabi Dada ta yi barci. Ban ga laifinta ba. Fim ɗin kamar kunun da aka manta sukari.

Da can, in ta dawo daga kasuwa ta yi wanka, sai mu baje a gaban talabijin da soyayyar doya da yaji. Ni in yi kallo, ita ta yi shari'a. Wannan hodarta ta fi wuyanta haske. Waccan gashin kantin da ta ɗora ya zame. Wancan ya yi kuka ba hawaye, a mayar wa mutane kuɗinsu. Nakan ce mata don Allah ta bari in ji abin da ake faɗa.

Yanzu ina jin komai da ake faɗa.

Lahadi, 14 ga Mayu, da safe

Ina neman mataji na buɗe aljihun madubi, na ga jan-bakin nan na ranar Talata, ja mai duhu da ya kusa komawa shuni. Na rufe aljihun. Na tafi coci da kai a cukurkuɗe cikin ɗankwali.

Talata, 16 ga Mayu, da la'asar

Ta ɗaga hannun daman har ƙirji. Ta taka daga gado zuwa ƙofa da sanda. An gode Allah, an gode Allah.

Fo Elom ya kira ni ƙarƙashin mangwaro. Ya ce ya yi magana da gwaggonmu ta Kpalime. In wata ya ƙare Dada ba ta yi magana ba, zai kai ta can, ga iska mai sanyi, ga dutsen addu'a kusa, ga shiru. Rumfar kasuwa kuma a ba wata. Ya faɗa da kyakkyawar zuciya, na sani, shi ya sa abin ya fi ciwo. Dada da ta yi kwana biyu a Kpalime lokacin wani biki ta dawo tana cewa garin ko mai abin zagi babu.

Shiru ya ce. Kamar shirun ne ya yi mana kaɗan.

Na sayo littafi na uku a wurin mai baje littattafai a bakin titi. Bangon ya yage, amma shafukan sun cika. Yariman ya sake yarda da mutumin da kowa ya ga mugu ne tun shafin farko. Ban san me ya sa marubutan nan suke ganin takobi yana maye gurbin hankali ba.

Alhamis, 18 ga Mayu, da yamma

Yau an yi abu.

Tanti Mawusi ta zo dubiya. Ita ce mai rumfar da ke kallon ta Dada, sun yi shekaru suna gaisawa da safe suna faɗa da rana, duk a kan man bilicin. Tanti Mawusi tana sayarwa, tana kuma shafawa, fuskarta kamar ƙosai da bai soyu ba, gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin. Dada kuwa ta rantse man nan ba zai hau teburinta ba ko za ta kwana da yunwa.

To Tanti ta zauna bakin gado tana share hawaye, ta ce fatar ƙawarta ta dusashe da kwanciya. Kafin in farga ta zaro wani ɗan gwangwani daga jaka, ta lakato, ta kama hannun Dada za ta shafa.

Hannun hagu ya tashi. Ban san yana da wannan saurin ba. Gwangwanin ya yi sama ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kabad.

Aka shiga ba da haƙuri. Fo Elom ya ce ciwon ne, ba ta san abin da take yi ba, gajiya ce. Tanti ta tafi da fushi. Ni kaɗai na kalli idon Dada. Tun ranar Talatar nan ban ga mahaifiyata a cikin idon ba sai yau. Ta san abin da ta yi sarai, kuma da gwangwani na biyu ya zo da ya bi ɗan'uwansa.

Juma'a, 19 ga Mayu, da safe, a ɗakin malamai

Na ba yara aiki na zo na zauna ina tunani.

An ce mu yi mata hirar abin da take so. To me Dada ke so? Na laluba kaina tun ƙuruciya, ban tuna ranar da ta ce wani abu ya yi kyau ba. Ranar da na karɓi takardar shaidar koyarwa, cewa ta yi ɗinkin rigata ya karkace. Miyar da ta fi yi mata daɗi a duniya, iyakar yabonta shi ne ta ce ba laifi, ta miƙo kwano a ƙara. Abin da Dada ke so shiru take yi masa. Bakinta na abin da bai yi mata ba ne.

Mu kuma mun kwashe duk abin da bai yi mata ba mun ɓoye. Kowa "to Dada", kowa "haka ne Dada". Mun share mata gida tas, ba mu bar mata ko abu ɗaya da za ta ce a gyara ba.

Asabar, 20 ga Mayu, bayan magariba

Fo Elom ya tafi taron maza na coci. Na jingina Dada da filo, na soya doya, na sa fim ɗin da na san ta fi tsana a cikin duk waɗanda muke da su, na 'yar attajirin nan da ta shiga soyayya da mai wankin motar ubanta. Akwai wurin da ake tashin yarinyar daga barci da asuba, ta buɗe ido da gashin ido na kanti kamar tsintsiya, jagira a zane, leɓe yana sheƙi, ɗankwalin barci ma babu.

Na gyara murya na ce, "Dada, kin ga kwalliya kuwa? Wallahi wadda ta yi mata hodar nan ta san aikinta. Ko a Asigame ba na jin akwai mai ido irin nata."

Shiru. Na ci gaba da kallon talabijin kamar ban yi komai ba. Na ƙara da cewa gobe zan nemi irin hodar, ina ganin za ta karɓe ni.

Sai na ji shi. Rabinsa iska ne, ya fito ta gefe ɗaya, a karkace, amma tsaki ne. Tsakin Dada, mai ja a ƙarshe.

Na ce bari in duba wuta. Na shiga kicin na rungume tukunya ina kuka ina dariya har majina.

Lahadi, 21 ga Mayu, da azahar

Tsaki biyu yau. An gode Allah.

Talata, 23 ga Mayu, da la'asar

Na fara karanta mata labarin masu kiwon gajimare, ina karantawa da Faransanci a zuci ina juya mata da harshenmu. Dada ta tsani littattafan nan tun ina sakandare. Takan ce mace da hankalinta ta zauna tana bin labarin macizai masu fukafukai, alhali ga macizai masu ƙafa biyu nan cike da kasuwa. Wata rana da na ba ta labarin wata jaruma da ta yi yaƙi a cikin guguwa, tambayarta ɗaya ce: wa ke yi mata kitso?

Saboda haka na riƙa yabon yariman. Na ce namiji ke nan, ga kyau ga zuciya. Na ce yarinyar gajimaren ma ta cika rawar kai, ta zauna a gida mana. Ƙarya zalla, har harshena yana ƙaiƙayi. Dada ta yi wani gurnani a maƙogwaro, ta juya mini ƙeya.

Amma da na rufe littafin a daidai inda aka kama yarinyar aka jefa ta rijiyar tsawa, sai na ji bugu a kan katifa. Hannun dama ne. Ta sake bugawa, tana nuna littafin da haɓa.

Ashe haka ne, Dada. Shekara da shekaru.

Alhamis, 25 ga Mayu, da yamma

An kama ni.

Na ɗauko hoda mai haske, irin wadda Dada ke ajiye wa 'yan Labanan masu zuwa rumfarta, na shafe mata fuska da ita, na riƙe mata madubi ina cewa ta fito kamar amarya. Leɓenta yana rawa, wuyanta ya kumbura, wani sauti yana ta tahowa yana komawa. Saura kaɗan, na rantse saura kaɗan. Sai ƙofa ta buɗe.

Fo Elom ya tsaya ya kalli fuskar uwarsa fari fat, ya kalle ni. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya ɗauki tawul ya jiƙa ya goge mata a hankali, sannan ya ce in same shi a waje.

"Enyo, uwarmu ce kika mayar abin wasa?"

Na ce ba wasa nake ba, faɗa nake nema mata. Na ba shi labarin tsakin da bugun katifa.

"Tsaki," ya ce. "Matar da ta goya ki tana kwance ba ta iya kare kanta, ke kuma kina murna ta yi miki tsaki. Asabar ta sama zan zo da mota."

In an tsaya a bakin ƙofa an kalla, haka abin yake. Na ji kunya har ƙasa. Amma ban ji na yi kuskure ba.

Juma'a, 26 ga Mayu, da safe

Ba ta ci da yawa ba. Ni ma.

Litinin, 29 ga Mayu, da hantsi

Na raka Madam Ahoefa bakin titi neman acaɓa, na gaya mata komai. Na ɗauka za ta yi mini faɗa. Sai ta dafa bango tana dariya, ta ce ba a koya musu wannan a makaranta ba, amma ta taɓa ganin tsohon da ya kasa kiran sunan matarsa, ya iya zagin ƙungiyar ƙwallonsa tiryan-tiryan. Ta ce in riƙa auna jinin Dada kafin da bayan, kada in wuce gona da iri, kada kuma in daina. Na roƙe ta ta gaya wa Fo Elom. Ta kira shi, ya ce ya gode, amma gwaggo ta riga ta gyara ɗaki.

Mun gama littafi na uku. Yarinyar ta fito daga rijiyar da kanta, yariman ya iso bayan an gama komai, aka kuma naɗa shi sarki. Dada ta yi tsaki mai kyau, cikakke, har masu haya suka jiyo. Wannan karon ban yi mata musu ba, na kasa.

Laraba, 31 ga Mayu, da la'asar

To bari in rubuta kaɗan daga ciki, tunda ya ƙi barina.

Ranar Talatar nan da safe ina shirin makaranta. Na sayi sabon jan-baki a wani kanti, ba a rumfarta ba, wanda shi kansa laifi ne. Na shafa na fito. Tana zaune a kan kujerarta da kofin shayi. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ja numfashi irin na in za ta fara, ta ce, "Enyonam, wannan jan-bakin naki..."

Na tsaya ina jira, har na shirya amsa. Sai kofin ya faɗi.

Sauran ba zan rubuta ba. Abin da ke tashina da asuba shi ne, in ba ta sake magana ba, abin da ta bar mini ke nan, rabin zagi. Na yi ta ƙoƙarin ƙarasa mata shi a raina, duk wanda na ƙirƙiro bai kai nata ba.

Juma'a, 2 ga Yuni, da yamma

Matar Fo Elom ta zo ta haɗa kaya. Dada ta bi kowane zani da ido har cikin akwati. Na buɗe aljihun madubi, na rufe. Na sake buɗewa.

Asabar, 3 ga Yuni, da azahar

Bari in rubuta yanzu kafin in manta ko harafi ɗaya.

Motar ta zo da hantsi. An zaunar da Dada a kan kujerarta a falo, an ɗaura mata ɗankwali, Fo Elom yana fitar da akwatuna. Na shiga ɗaki na ɗauko jan-bakin na shafa. Na sake bi, na ƙara bi, har ya haura layin leɓe. Na fito na durƙusa a gabanta kamar mai yin sallama, na ɗago fuska daidai idonta.

Ta kalle ni. Na ga lokacin da ta gane shi. Ta ja numfashin nan.

Leɓenta ya yi ta kokawa. Fo Elom ya shigo ya ɗauki akwati na ƙarshe, ya gan ni, ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu ba tare da na juya ba.

"Wan... nan," ta ce. Muryar ta dusashe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. "Jan... baki."

"Na'am, Dada. Ya yi kyau ko?"

Ta runtse ido, ta tattaro duk ƙarfin da ke jikinta.

"Akuya," ta ce. "Ta sha... zoɓo."

Akwatin ya kuɓuce daga hannun Fo Elom. Ni kuwa na kifa kaina a cinyarta na ɓata mata zani da jan-bakin, ina cewa na gode, na gode Dada, kamar wadda aka sa wa albarka. Yayana, ƙaton mutum mai gemu, ya zauna daɓas a ƙasa yana kuka yana dariya. Ya rarrafo ya kama ƙafarta ya ce ta ƙara cewa wani abu, ko mene ne.

Ta dube shi, ta dubi rigar da ya sa mai zanen abarba, ta daɗe tana dubawa. Kalma ɗaya ta samu, ta kuma ishe shi.

"Cire."

Ya cire ta nan take. Da singileti ya je ya sallami mai mota.

Asabar, 3 ga Yuni, da yamma

Ta gaji, ta yi barci, jininta daidai. An mayar da zannuwa cikin kabad. Madam Ahoefa ta ce da sauran tafiya mai tsawo, kalmomin za su riƙa zuwa suna ɓacewa. Na ji. Fo Elom ya aika a gaya wa Tanti Mawusi ta zo gobe bayan coci, ta taho da gwangwaninta.

Na tsaya gaban madubi kafin in wanke fuska. Gaskiyarta ne, akuya ce sak.

Gobe ma zan shafa.